Yadda Injin Colorada Ya Koma Kujerar Baya

Ka taɓa faɗin magana ɗaya a wurin cin abinci, magana ta gaskiya wadda ka karanta a littafi har ka ci jarrabawa a kanta, sannan ka zauna kana kallo maganar nan ta cinye motar mutum sukutum? Ni na taɓa, kuma ko wata guda ban yi da karɓar digiri ba.

Sunana Yanina. A farkon Disamba na gama karatun injiniya a Rosario, na dawo garinmu Colonia Tres Molinos da takardar shaida a jaka da littafi cike da dabaru: yadda za a gyara famfon iskar makaranta, yadda za a rage layin tireloli lokacin girbi, har da wata na'urar juya nama da na zana a cikin bas. Ranar Lahadin farko aka yi mini gashin nama a gidan Kawu Edelmiro, ƙanen mahaifiyata.

Kawu maƙerin ƙarafan gasa nama ne. Kilo ɗari da talatin gare shi, kuma a faɗarsa babu wani abu na ƙarfe a duniya da ya fi ƙarfinsa, jirgin sama ma rashin fili ne ya hana shi. Abin da ya fi so a rayuwa, har da matarsa Anti Nélida a lissafin, shi ne Colorada: jar mota mai ƙofa biyu, silinda takwas, ƙirar 1973. Shekara goma sha tara ita ke jan jerin gwanon Bikin Alkama a Lahadi ta biyu ta Janairu, Sarauniyar Alkama zaune a kan bonet tana ɗaga hannu. Dokar kwamitin biki guda ce: motar gaba ta zagaya dandalin gari da ƙarfin injinta. Shekarar da ta kasa, matsayin ya koma hannun ta biyu, kuma ba ya dawowa. Ta biyun kuwa shuɗiyar motar maƙwabcinsa ce, Aquilino mai kantin taya, wanda ya yi shekara goma sha tara yana shaƙar hayaƙin Colorada.

Muna tsakiyar ci sai ga kan Aquilino ta saman shinge.

"Ƙato, jiya na ga motarka a kwanar coci. Sai da ka roƙe ta kafin ta juya. San huɗa ce, duk nauyin a wuya."

"Kai kuma taka fa? Tun da aka haife ta gindin tawa kawai ta sani."

Da na ci gaba da tauna namana da shi ke nan. Amma sai na ce, "Ai Don Aquilino yana da gaskiya, Kawu." Don da Doña a wurinmu kamar Malam da Malama ne. Na jawo faranti ya zama mota, na ɗora gorar gishiri ta zama inji. Na nuna musu yadda motocin zamanin nan suke da katon inji a kan tayoyin gaba, shi ya sa suke son miƙewa a kwana. Masu tsere sukan ja injin baya kaɗan don nauyin ya kusa zama rabi a gaba, rabi a baya. "Santimita ashirin kawai," na ce. "Za ka ji bambanci a hannunka."

Kawu ya daɗe yana kallon gorar gishirin.

"Abin da nake faɗa ke nan tun kafin a haife ki."

"Yaushe ka faɗa, tsoho?" in ji Anti Nélida.

"A zuciyata."

Litinin da safe muka tafi awo. A garinmu duk abin da za a auna, daga alkama har maraƙi, sikelin ƙungiyar manoma ake kai shi, kuma Doña Zulema ce ke zaune a tagar sikelin shekara talatin. Ita ce kuma shugabar kwamitin biki. Ga girbi ya kankama, tireloli sun yi layi har bakin titi, Kawu ya kutsa gaba yana cewa aikin kimiyya ne.

"Direba ya sauka," in ji Doña Zulema ba tare da ta ɗago ba. Dokar sikelin ke nan, ba a auna mota da direba a ciki.

Aka hau da tayoyin gaba: ɗari takwas da sittin. Aka hau da na baya: ɗari shida da arba'in.

"Kafin biki," Kawu ya sanar wa direbobin tirela, "za ku ga bakwai da hamsin, bakwai da hamsin. Ku rubuta."

Kwana huɗu muka yi a gareji. Ni na yi zane, na auna, na sa alli. Kawu ya rataye injin da sarƙa a jikin ƙarfen rufi, ya yanke mazaunansa, ya ƙera sababbi. Sun yi kama da ƙafafun abin gasa nama, amma sun riƙe. Ya bubbuga bangon ƙarfen da ya raba inji da direba har ya lotsa ciki, muka rage tsawon farfela, muka ƙara tiyon lagireto. Aiki ya yi kyau, na rantse. Da muka fita gwaji motar ta sha kwanar coci ba gardama.

Muka koma sikeli ranar Juma'a. Aquilino ya riga mu zuwa, da kujerar naɗewa da fulas da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa a ƙasarmu.

Gaba: ɗari takwas da sittin. Baya: ɗari shida da arba'in.

Wani direba ya fara dariya, sauran suka karɓa.

"Ko dai gaba ka ja shi sannan ka mayar?" in ji Aquilino.

Nan take na gane abin da ya faru. Sikelin an yi shi ne don tirela mai tan talatin, da ashirin-ashirin yake ƙirga. Mu kuwa kilo goma sha takwas muka matsar, bai ma san mun yi ba. Na yi wa Kawu bayani. Na ce mu ari sikelin banɗaki guda huɗu da katakai, akwai wata dabara mai sauƙi, zan nuna masa.

"Sikelin banɗaki," in ji Kawu. "In ɗora Colorada a kan abin da antinki take hawa tana zagi?"

"Kawu, wannan ba ya ganin ƙaramin abu."

"To sai mu ba shi babba. Injiniya, ke littafi kika sani, ni ƙarfe na sani. In ashirin tana da kyau, sittin ta ninka ta uku."

"Ba haka lissafin yake ba."

"Doña Zulema, ashirin sau uku nawa ne?"

"Sittin. Ka janye min motarka, ina da tirela goma sha ɗaya."

Santimita sittin ba ta shiga ba sai da aka yanke bangon ƙarfen gaba ɗaya. Bayansa rabin dashbod ya tafi, rediyo ya tafi, akwatin da Anti ke ajiye tabarau ya tafi. Injin ya leƙo cikin mota ya zauna tsakanin kujerun gaba kamar baƙon da ba a gayyata ba. Sandar giya ta koma bayan gwiwar hannun Kawu, in zai sa ta biyu sai ya yi kamar mai sosa baya. Na ce masa aƙalla a sa abin tare zafi. Ya ce mutumin da ya yi shekara arba'in a bakin garwashi ba ya tsoron inji.

Ya ɗauki Anti Nélida gwaji. Sun kai ƙarshen layi suka dawo, ta fito riƙe da takalminta na hagu, robar ƙasansa ta yi laushi tana miƙewa.

"Yaya kika ji ta a kwana, tsohuwa?"

"Na ji ƙafata ta nuna. Gobe zan ba ka kwaɓin burodi ka zagaya da shi."

Ba wasa take ba. Washegari ta ɗora kwano a kujerar, kafin ya je sikeli ya dawo kwaɓin ya kumbura har ya ture marfi. Labari ya bazu. Matar mai aski ta aiko da nata kwanon, wata ta aiko da safar yara da ba su bushe ba. Kawu ya karɓa duka, ya ce alama ce jama'a sun fara fahimtar aikin.

A sikeli kuwa: ɗari takwas a gaba, ɗari bakwai a baya. Direbobi suka tafa, rabi don tsokana, amma Kawu bai san rabi ba. Ya hau matakalar taga ya yi jawabi. Ya ce waɗanda suka ƙera motar sun yi ƙoƙari daidai iliminsu, shi ya zo ya ƙarasa.

"Saura hamsin," ya ce da ni a hanya. "Hamsin kawai, Injiniya."

"Kawu, mu tsaya nan. Saura kujerarka kawai a bayan injin."

"Kujera ai katako ce da soso."

Ranar Talata Anti Nélida ta fito shara ta tarar da kujerun gaba biyu a baranda, an jera su suna kallon titi, har an ajiye tukunyar fure a tsakaninsu.

Injin ya tafi mita ɗaya da santimita goma. Inda direba yake zama nan ya zauna. Kawu ya koma kujerar baya, sai ya ga gwiwarsa na taɓa inji, ya cire majinginar ya ja kujerar har rabinta ta shiga but ɗin motar. Sitiyari bai kai ba, ya ƙara masa bututun ruwa mai tsawon mutum wanda ya kwance daga tsohon famfon iska. Birki da kuloci da totur ya haɗa su da sandunan abin gashi. Injin kuwa, Kawu ya kifa masa rabin duro, irin wanda yake yankewa ya yi murhu, har da mariƙin katako a sama. Ni na ƙi taɓa walda, amma ba zan ɓoye ba, ni na gyara masa kusurwar sandar birki, don tasa in ya taka hon take bugawa.

Da ya tayar da ita a gareji, kajin Aquilino suka tsallake shinge zuwa gida na uku. Dole ya riƙa toshe kunne da auduga. In ka hango motar daga nesa sai ka rantse ba kowa a ciki, sai ta matso ka ga fuskarsa can ƙurya ta gilashin baya, ja wur, tana naso.

Rabin gari ya biyo mu sikeli. Mai gidan burodi ya rufe shago. Kawu ya fito da ƙyar ta bayan duro, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Gaba, bakwai da sittin," in ji Doña Zulema. Wannan karon ta ɗago. "Baya, bakwai da arba'in."

Kawu ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya nemi a ba shi takardar awon zai sa a gilashi. Ya juya ga Aquilino.

"Dogo, kana da abin faɗa?"

Aquilino ya zuƙi mate. Ni ce nake da abin faɗa, kuma har yau mahaifiyata tana tambayata me ya sa bakina ba ya gajiya.

"Kawu, ai motar ba ita kaɗai take tafiya ba. Ka shiga a auna."

"Direba ya sauka, dokar sikeli ce. Ko ba haka ba, Doña?"

"Haka ne," in ji ta. "Amma yau ina son in gani."

Direbobi suka ce ya shiga, mai burodi ya ce ya shiga. Ya shiga yana gunaguni, bayan motar ya yi ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa.

Gaba: ɗari bakwai da arba'in. Baya: ɗari tara.

"Madalla," in ji Aquilino. "Da nauyin a wuya yake, yanzu ya koma gindi. Ta ɗauko mai ita."

Saura kwana tara biki. Na ce masa akwai lokaci, mu mayar da injin gaba, na ma fito da zane uku a bayan takardar awon. Ya ce shi tun da yake bai taɓa yin walda sau biyu a wuri ɗaya ba. Ya kwana biyu yana zagaya motar da hannu a baya. A rana ta uku ya shigo kicin ɗin mahaifiyata ba sallama.

"Injiniya, bambancin nawa ne?"

"Ɗari da sittin."

"Ranar biki wa ke zama a kan bonet?"

"Sarauniya."

"Kilo nawa ce?"

"Kawu, kada ka tambaye ta."

Ya tambaye ta. Sarauniyar bana Araceli ce, 'yar mai gyaran tarakta, tana shekara ta uku a karatun likitan dabbobi. Ya same ta a ƙofar gidansu tana wanke kare.

"Don Edelmiro, ni sarauniya ce ko buhu?"

"Sarauniya ce ke, 'yata, ta ƙwarai ma. Amma kilo nawa?"

Ita kaɗai ba za ta isa ba, shi ma ya sani. Sai ya tuna da gimbiyoyi biyu, ta ɗaya da ta biyu, waɗanda bisa al'ada motar Aquilino suke hawa. Ya je gaban kwamiti ya ce shekara ta ashirin ce, ya kamata a ga su uku tare a gaba. Aquilino ya miƙe.

"Shekara goma sha tara ina shan hayaƙinka, abin da nake da shi ke nan, gimbiya biyu. Su ma za ka ƙwace ka yi dutsen awo da su?"

"Ka ɗauki magajin gari."

"Magajin gari ai irinka ne, bonet ɗina zai lotsa."

Doña Zulema ta ce in 'yan matan sun yarda ita ba ruwanta. Suka yarda, don babu wadda ba ta son motar gaba. Abin da ba su sani ba shi ne sai an kai su sikeli. Iyayensu mata suka biyo su da lema, suna faɗa tun daga bakin titi. Araceli ta hau faifan da tirela ke hawa, ita kaɗai a tsakiya kamar an manta da ita.

"Sittin."

Gimbiya ta ɗaya ta hau.

"Sittin."

Ta biyu ta hau.

"Sittin."

"Hamsin da biyu ce," in ji uwarta. "Jiya aka auna ta a kemis."

"Sikelina ba ya ganin takwas, baiwar Allah. Na gaba."

Aka ɗora su uku a kan bonet, wanda yanzu babu komai a ƙarƙashinsa sai lagireto da iska. Ya yi ƙara ya lotsa, Kawu ya ce zai sa masa ragar gashi ta ciki. Ya shiga mazauninsa. Doña Zulema ta duba, ta goge tabarau, ta sake dubawa.

"Ɗari tara. Da ɗari tara."

Kawu ya buga hon har sai da wani doki ya tsinke igiya. Daga ranar ya sa ido a kan 'yan matan. Ya ji gimbiya ta biyu tana rage ci don rigarta ta shige ta, ya aika mata da tiren taliyar Anti Nélida mai cuku, da saƙon cewa garin nan ya dogara da ita. Ni kuwa, kunya ta hana ni faɗa, amma lissafin ya burge ni. Na duba shi sau uku, daidai yake. Abu ɗaya ne ban duba ba, takardar tsarin biki.

Lahadi ƙarfe goma rana ta riga ta yi zafi. 'Yan kwana-kwana suna busa ƙaho, taraktoci sun sha wanka, mahaya sun jeru can baya da dawakansu. A kwanar farko ta dandali, kamar kowace shekara, masu gashi sun kafa haƙarƙarin shanu talatin a jikin ƙarafa a tsaye, sun kewaye garwashi tun asuba. Abincin rana na gari ke nan gaba ɗaya.

Colorada ta taho tana gurnani, 'yan mata uku a kan bonet cikin fararen riguna, babu alamar direba. Yara suna bin ta suna leƙe. Ta tafi santsi, ta miƙe, ta yi kyau. Ina tsaye kusa da mumbarin manyan baƙi, har ƙwalla ta zo mini. Sai wata tsohuwa ta miƙo mini takardar tsari in yi fifita. Idona ya faɗa kan layi na uku: a gaban mumbari sarauniya da gimbiyoyinta za su sauka su karɓi damin alkama daga hannun magajin gari, motoci su ci gaba da zagaye su dawo su ɗauke su.

Haka ake yi duk shekara. Ni ma na sani, Kawu ma ya sani. Sau goma sha tara yana sauke sarauniya a wurin.

Na ruga. Kafin in kai Araceli ta sauka, hancin motar ya ɗan ɗago. Ta ɗaya ta sauka, ya ƙara. Ta biyu ta sauka, fitilun Colorada suka koma kallon agogon coci.

Na buga gilashin baya. "Kawu, kada ka taka. Jira su dawo."

Ya ɗaga mini babban yatsa. Audugar tana kunnensa.

A daidai nan Aquilino ya danna hon a baya, ya leƙo ta taga yana nuna agogon hannunsa, yana murmushi. Wannan Kawu ya gani sarai a madubi. Na ga ya gyara zama, ya kai hannu baya ya lalubo giya, ya saki kuloci kamar mai sakin kare.

Tayoyin baya suka kama ƙasa, ban taɓa ganin kamu irin wannan ba. Gaban motar ya tashi har ƙugun mutum. Daga baya Kawu ya ce shi sama kawai ya gani da tattabaru biyu. Ya murza sitiyari dama don shan kwana, mu duka muna kallon tayoyin gaba suna juyawa a iska, dama, hagu, dama, ba su taɓa komai ba. 'Yan kwana-kwana suka watse, mai babban ƙaho ya shiga shagon aski da ƙahonsa. Motar ta sauko, ta yi tsalle, ta sake tashi, ta miƙe ɗoɗar. Kwanar ta tafi dama, Colorada ba ta bi ta ba.

Masu gashi sun ga tahowarta, suka dare. Ta bugi ƙarfen farko, na farko ya bugi na biyu, haƙarƙari suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya cikin toka kamar ana yi musu ƙirga. Ta tsaya a tsakiyar da'irar, haƙarƙari biyu a kan bonet, ɗaya rataye a madubi. Injin bai mutu ba. Duk karnukan garin, har da waɗanda ban taɓa gani ba, suka iso.

Ƙofofi sun ƙi buɗewa. Sai muka ga marfin but ya ɗaga, ƙafa ta fito, wata ta biyo, sannan sauran Kawu, da baya-baya, a gaban magajin gari da fadan coci da mutum dubu biyu. Ya miƙe, ya zare auduga daga kunne, ya dubi jama'a.

"Kun ga yadda ta kama ƙasa?"

Doña Zulema ta karɓi lasifika.

"Don Edelmiro, saura kwana huɗu ka sha. Ko ɗaya ba ka sha ba."

"Injin yana aiki, Doña. A ba ni 'yan matan kawai."

"Ni da ƙafa zan zagaya," in ji Araceli daga kan mumbari. Gimbiyoyin sun riga sun ɓuya a bayan fadan coci.

Kawu ya juya yana neman kilo ɗari da sittin a cikin jama'a. Ya kira mai burodi, mai burodi ya duba sama. Ya kira magajin gari, magajin gari ya rungume damin alkama. Ya kalle ni, na fito na hau bonet, amma ni hamsin da biyar ce. Sai ga Anti Nélida tana ratsa mutane da jakarta a hammata. Ta ture haƙarƙari ɗaya, ta hau bonet kusa da ni, ta gyara siket.

"Shiga, tsoho. In ka tambaye ni kilo nawa, a gareji za ka kwana har bikin Ista."

Kawu ya juya zai shiga but. A lokacin ne tiyon lagireto, mai tsawon mita uku, wanda wani ƙarfen gashi ya riga ya soke, ya ƙarasa fashewa. Ruwan zafi ya kwarara kan garwashi. Tururi da toka suka turnuƙe dandali, da suka lafa injin ya yi shiru, wutar ma ta mutu, ni da Anti mun yi furfura.

Aquilino ya zagaye mu a hankali, ya sha kwanar da hannu ɗaya. Da ya zo daidai Kawu ya rage gudu.

"Ƙato, yaya hayaƙina? In ya yi yawa ka faɗa."

A ranar nan, garin Tres Molinos ya ci burodi da latas. Motar da ta tashi sama mutane sun yafe tun kafin yamma, har suna so a sake. Naman ne ba su yafe ba. Kwamiti ya zauna ranar Laraba, wasu suka ce a hana shi shiga jerin gwano har abada. Doña Zulema ta ce a'a, mutum ya yi wa gari hidima shekara goma sha tara, za a bar shi ya shiga. Amma a ƙarshe, bayan taraktoci, bayan mahaya, bayan dawakai arba'in da abin da suke bari a kan titi. Kawu ya ce dama shi ya nemi wurin, daga baya ake ganin tsarin biki da kyau.

Sai dai na san abin da ke faruwa in dawakai sun wuce: kowa ya naɗe kujerarsa ya ruga layin nama, titi ya zama wayam. Don haka ga roƙona. In Allah ya kai mu Lahadi ta biyu ta Janairu kuma hanya ta biyo da kai garinmu, kada ka tashi da tashin mutane. Ka ƙara minti biyar, za ka ga jar mota ta taho ita kaɗai tana kauce-kauce. Ka tafa mata da ƙarfi yadda zai gani, don ba lalle ya ji ba. Ka dai tsaya ta gefen mumbari, kada ka tsaya a kwana.